Ƙafa Hamsin da Kwana Sittin: Yadda Amurka Ta Sassauta wa Ƙarfen Sabis

Ranar 22 ga Maris, 2018, kwamishinoni biyar na Hukumar Sadarwa ta Tarayyar Amurka, wadda aka fi sani da FCC, suka zauna a birnin Washington suka kaɗa ƙuri'a a kan wata tambaya da mutumin kan titi zai ce ba ta kai a tara manya a kanta ba. Idan kamfanin waya zai ɗora 'yar ƙaramar eriya a jikin falwaya, shin dole ne sai an fara bincika ko aikin zai taɓa wurin tarihi ko ya cutar da muhalli? Uku suka ce ba dole ba ne, biyu suka ƙi yarda. Masu rinjaye suka ce sun share wa 5G hanya. Ba a cika shekara ɗaya da rabi ba kotu ta soke wannan ɓangare na hukuncin, kuma sunan da ke kan takardar ƙarar na wata ƙaramar ƙabila ce ta 'yan asalin ƙasar da ke zaune a jihar Oklahoma. Allura ta tono garma.

Abin da ya sa muka ga ya dace mu bi diddigin labarin shi ne rigimar ba baƙuwarmu ba ce. Mu ne masu tsine wa kamfani idan sabis ya ɗauke ana tsakiyar tura kuɗi, mu ne kuma masu garzayawa wurin mai unguwa idan muka wayi gari an kafa ƙarfen sabis a bayan katangarmu, janareta na ruri dare da rana. A Najeriya an yi lokacin da hukumar NCC ke cewa tazarar mita biyar ta isa tsakanin turke da gidan mutane, hukumar muhalli ta NESREA kuma na cewa sai goma, har a 2012 ɗaya ta garƙame wani turke a Abuja ɗayar ta zo ta buɗe. Su Amurkawa sun shekara kusan talatin suna wannan ja-in-ja a rubuce, da lauyoyi da alƙalai, shi ya sa a tarihinsu ake iya ganin inda sassauci ya zauna da gindinsa da inda ya kife.

Dokoki biyun da ake faɗa a kansu sun girmi wayar salula. Bayan dokar manyan hanyoyi ta 1956, gwamnatin tarayya ta zuba kuɗi aka riƙa ratsa tsakiyar birane da tituna, katafila na baje tsofaffin unguwanni, da yawansu na baƙar fata. A 1963 aka fara rushe tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a New York, ginin da mutanen birnin ke tinƙaho da shi, kuma babu wata doka da za ta hana. Haushin waɗannan abubuwa ne ya haifi dokar adana wuraren tarihi, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a watan Oktoba na 1966. A 1969 kuma ɗanyen mai ya malale a gaɓar tekun Santa Barbara, kogin Cuyahoga da ke Cleveland ya kama da wuta saboda dattin masana'antu, sai Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar muhalli ranar 1 ga Janairu, 1970.

Ya kamata mu fahimci abin da dokokin suka ce, domin masu sukarsu da masu yabonsu duk sukan ƙara musu gishiri. Babu wadda ta ce kada a yi gini. Sashe na 106 na dokar tarihi cewa ya yi duk hukumar tarayya da za ta yi wani aiki, ko ta ba da kuɗinsa, ko ta ba da izininsa, ta fara duba abin da zai yi wa wuraren tarihi, ta kuma saurari waɗanda abin ya shafa. Dokar muhalli ma haka take. Bayan an duba an saurara, hukuma na iya cewa a ci gaba. Tilas ɗin da ke ciki na tambaya ne kawai.

To ina ruwan gwamnatin tarayya da turken da kamfani mai zaman kansa zai gina da kuɗinsa a filin da ya yi haya? Hujjar ita ce iska. Zangon da siginar waya ke bi a iska na jama'a ne, FCC ce ke ba da lasisin amfani da shi, kuma ita ce ke rajistar duk turken da ya haura ƙafa 200 ko ya kusanci filin jirgin sama. A kan wannan aka ɗauki ginin turke a matsayin aikin da hannun tarayya ke ciki. Ƙungiyar kamfanonin waya ta CTIA ta ƙalubalanci hakan, kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ta ƙi ba ta gaskiya a 2006. Mu riƙe wannan zaren, domin duk abin da ya biyo baya a jikinsa yake rataye.

A 1992 majalisa ta yi wa dokar tarihi gyaran da ya shigo da ƙabilun asali. Daga lokacin, wurin da wata ƙabila ke ɗauka da tsarki ko daraja a al'adarta na iya shiga sahun wuraren tarihi, kuma dole a tuntuɓe ta, ko da wurin ba ya cikin ƙasar da take zaune a yau. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi ba kamfanoni mamaki. Injiniya zai nemi kafa turke a jihar Georgia, sai a ce masa ya jira amsa daga wani ofishi a Oklahoma, tafiyar fiye da kilomita dubu.

Amsar tana cikin tarihin da Amurka ba ta cika son tunawa ba. Ƙasar Cherokee ta asali ta haɗa sassan Georgia da Tennessee da Alabama da Carolina. Wasunsu sun yi ƙaura zuwa yamma tun bayan yarjejeniyar 1817, kuma daga cikin waɗannan ne akasarin mutanen Keetoowah, masu ƙarar da muka ambata, suka fito. A 1830 Shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe ƙabilu, a 1838 sojoji suka tasa ƙeyar sauran Cherokee, kimanin mutum 16,000, zuwa ƙetaren kogin Mississippi. An ƙiyasta cewa wajen 4,000 sun mutu a sansanoni da kan hanya. Haka aka yi wa Choctaw da Creek da Chickasaw da Seminole. Mutane sun tafi, kaburburan iyayensu da wuraren ibadarsu suka tsaya a inda suke, yau wasu na ƙarƙashin gonaki, wasu a gefen titi, wasu a bayan kantin sayar da kaya. Galibinsu ba su da alama, kuma ƙabilun ba sa son a sa su a taswira, saboda ɓarayin kayan tarihi sun daɗe suna tone irin waɗannan wurare. Hanyar da ta rage ita ce mai haƙa rami ya faɗi inda zai haƙa, wanda ya san wurin ya ce masa ya matsa gaba kaɗan. Duk wanda ya taɓa ganin an ratsa tsohuwar maƙabarta da titi ya san abin da ake magana a kai.

Wayar salula ta fara aiki a kasuwa a Chicago a watan Oktoba na 1983. Zuwa tsakiyar shekarun 1990, bayan FCC ta fara gwanjon lasisi, turaka suka soma tsiro kamar ciyawar damina, ƙananan hukumomi kuma suka soma hanawa, wasu ma suka dakatar da ba da izini baki ɗaya. Dokar sadarwa ta 1996, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu, ta raba gardama da salon kowa ya samu kowa ya rasa. Birni na da ikon cewa ga inda za a kafa ga inda ba za a kafa ba, amma ba shi da ikon hana sabis ɗungurungum. Dole ya amsa cikin lokacin da ya dace, idan ya ƙi kuma ya rubuta dalili mai hujja. An kuma ɗaure masa hannu a wuri guda: muddin eriya ta cika ƙa'idar FCC, ba za a hana ta ba saboda tsoron turirin da take fitarwa. Har gobe wannan jimla na sa mutane tashi a fusace daga zauren taron unguwa.

Sassaucin farko na gaske ya zo a 2001, kuma ba da faɗa aka yi shi ba. FCC da majalisar ba da shawara kan wuraren tarihi da jami'an tarihi na jihohi suka zauna suka yarda cewa idan turke yana tsaye, wani kamfani ya zo zai ƙara eriya a kansa ba tare da ya ƙara masa girma sosai ba, a mafi yawan lokuta ba sai an sake bincike ba. Dalilin a fili yake. An riga an haƙa ramin, an riga an tare hangen. Kuma duk eriyar da aka ɗora a tsohon turke ta rage buƙatar gina sabo, don haka masu kare tarihi ma riba suka ci. A 2004 aka ƙulla yarjejeniya ta biyu wadda ta tsara yadda za a binciki sababbin turaka, aka kuma buɗe wani shafi a intanet inda kamfani zai shigar da wurin da zai gina, saƙo ya tafi kai tsaye ga duk ƙabilar da ta nuna tana da alaƙa da yankin.

Akwai wani abin dariya da ya faɗo tsakanin yarjejeniyoyin biyu. Ta farko ta yafe wa turakan da aka gina zuwa 16 ga Maris, 2001, ta biyu kuma ba ta fara aiki ba sai 7 ga Maris, 2005. Dubban turakan da aka kafa a shekaru huɗun nan, da yawansu ba tare da shaidar an yi musu bincike ba, sai suka zama ba su ga tsuntsu ba su ga tarko. Amurkawa na kiransu turakan almuru. Ga su a tsaye ana kallonsu, amma shekara da shekaru ƙara musu eriya ya zama aiki, har wani lokaci gina sabo a kusa ya fi sauƙi.

Kafin mu shiga zamanin agogo, bari mu ga wani misali na abin da bincike ke iya tonowa, don kada a ɗauka duk takardu ne marasa amfani. Tsuntsaye masu ƙaura da dare na ruɗewa da jar fitilar da ba ta ƙiftawa a saman dogayen turaka, musamman idan akwai hazo. Sai su yi ta kewaya turken har su bugi wayoyin da ke riƙe da shi ko su faɗi don gajiya. Wani nazari na 2012 ya ƙiyasta cewa kusan miliyan 6.8 ke mutuwa haka duk shekara a Amurka da Kanada. Masu kare tsuntsaye sun kai FCC kotu, a 2008 alƙalai suka ce hukumar ba ta bi dokar muhalli yadda ya kamata ba, kuma ba ta sanar da jama'a kafin ta amince da turaka. Gwajin da aka yi a jihar Michigan ya nuna cewa kashe fitilar da ke tsaye a bar mai ƙiftawa na rage mutuwar da rabi ko fiye. A ƙarshen 2015 hukumar jiragen sama ta sauya ƙa'idar fitilun. Masu turaka ma suka samu sauƙin kuɗin wuta.

Su kuma kamfanoni kukansu na gaskiya ne. Takarda kan kwana a teburin ƙaramar hukuma shekara guda ko fiye, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba, wanda kuma ba a ƙi shi ba ba shi da abin da zai kai kotu. A 2009 FCC ta fassara "lokacin da ya dace" da lissafi: kwana 90 don ƙara eriya a abin da ke tsaye, kwana 150 don sabon gini. Birnin Arlington na Texas ya ce hukumar ta wuce gona da iri, Kotun Ƙoli ta goyi bayan FCC a 2013.

Babban sauyi kuwa ya shigo ne ta ƙofar baya. A watan Fabrairu na 2012 Barack Obama ya sa hannu a wata doka ta rage haraji da samar da ayyuka, a cikinta aka cusa sashe na 6409, 'yan layuka ƙalilan. Ya ce idan kamfani zai ƙara na'ura ko ya cire ko ya musanya a turken da ke tsaye, kuma aikin ba zai sauya girman turken sosai ba, jiha ko ƙaramar hukuma ba ta da ikon ƙi, dole ta amince. Majalisa ba ta faɗi abin da "sosai" ke nufi ba, ta bar wa FCC. A watan Oktoba na 2014, ƙarƙashin Tom Wheeler, hukumar ta fito da ma'auni. Turken da ba a gefen titi yake ba ana iya ƙara masa kashi 10 cikin ɗari na tsayinsa, ko tsayin jerin eriya guda mai tazarar da ba ta wuce ƙafa 20 ba. Na gefen titi kashi 10 ko ƙafa 10. Akwatunan na'ura kada su wuce huɗu. Ba a haƙa a wajen filin da aka riga aka ba da. Idan an yi wa turken shigar burtu, aka mai da shi kamar itace ko hasumiyar coci, gyaran kada ya tona masa asiri. An kuma toshe wata dabara: tsayin da za a auna shi ne na lokacin da aka yi dokar, don kada kamfani ya riƙa ƙara kashi goma bana, kashi goma baɗi, har turke ya ninka.

A ganinmu, abin da ya fi duk waɗannan lambobi nauyi shi ne kwana 60. Idan ƙaramar hukuma ba ta amsa cikin kwana 60 ba, an ɗauka ta amince, kamfani ya rubuta mata takardar sanarwa ya hau aiki. Shiru ma magana ce, amma kafin 2014 ma'anarta "dakata" ce, bayan 2014 ta koma "bismillah". Nauyin jinkiri ya tashi daga kan mai nema ya koma kan mai ba da izini. Gundumar Montgomery ta jihar Maryland da wasu suka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da ƙa'idar a ƙarshen 2015. Mu lura cewa duk wannan a zamanin jam'iyyar Democrat aka yi shi. Sassauta wa ƙarfen sabis bai taɓa zama sana'ar jam'iyya ɗaya ba.

Sai 5G ta zo da sabon kiɗa. Nau'in da aka fi tallatawa a farko yana amfani da zango mai tsananin sauri amma marar nisa, wanda bango ko ganyen itace ke iya tarewa. Maimakon dogon turke ɗaya ya ɗauki gari, sai an jera ƙananan eriyoyi a kan falwayoyi da fitilun titi, kusan kowane layi. Masana'antar ta ce za a buƙaci kimanin 800,000 zuwa 2026. A Washington kuma maganar da ke bakin kowa ita ce kada China ta riga Amurka. Shugaban FCC na lokacin, Ajit Pai, ya ɗora wa Kwamishina Brendan Carr aikin share hanya.

Carr ya samu misalai masu ƙarfi. Wanda aka fi yawo da shi na kamfanin Sprint ne, wanda ya ce ya biya fiye da dala 170,000 na kuɗin duba wa ƙabilu don ƙananan eriyoyi 23 a kewayen filin wasa na Houston kafin gasar Super Bowl ta 2017, wurin da siminti da kwalta suka riga suka rufe. Kuɗin da wasu ƙabilu ke karɓa kafin su duba takarda ya yi ta hauhawa, yankunan da suke nuna suna da alaƙa da su kuma na ƙara faɗi. Ba za mu ce babu wanda ya mai da abin hanyar samu ba. Amma ta ɗaya gefen, ofishin tarihi na ƙabila sau da yawa mutum biyu ne ko uku, saƙonni na shigowa dubbai a shekara, kowanne sai an buɗe taswira, wani sai an tambayi dattawa, wani sai an je da ƙafa. Kamfanin da ke biyan injiniya da lauya da mai auna ƙasa, shi ne ke ganin masanin kaburbura kaɗai ya kamata ya yi aiki kyauta.

Hukuncin Maris 2018 bai tsaya gyara farashi ba. Ya ce kafa ƙananan eriyoyi ba aikin tarayya ba ne sam, don haka dokokin 1966 da 1970 ba su hau kansa ba. Ga kuma yadda aka fassara "ƙarami": turken da bai wuce ƙafa 50 ba, ko bai ɗara gine-ginen da ke kusa da kashi 10 ba, eriya mai girman ƙafa uku murabba'in cika, da sauran na'urori har ƙafa 28. A bakin masu talla, abin bai wuce jakar goyon ɗan makaranta ba. A takarda, ƙafa 50 tsayin bene mai hawa huɗu ne ko biyar, ƙafa 28 na cika kuma girman babban firji ne. Kuma ba a ce sai a kan falwayar da ke tsaye ba, ana iya haƙa sabon rami a kafa sabuwa. Ga sauran manyan turaka da bincike ya ci gaba da hawa kansu, hukumar ta ce kamfani ba dole ne ya biya ƙabila kuɗin duba na farko ba, kuma idan ƙabila ba ta amsa ba cikin kimanin kwana 45 ana iya wucewa. Mignon Clyburn da Jessica Rosenworcel ne suka ƙi sa hannu.

Keetoowah, waɗanda hedkwatarsu ke garin Tahlequah, suka shigar da ƙara tare da wasu ƙabilu da dama, ciki har da Blackfeet na Montana da Seminole na Florida, ƙungiyar kare muhalli ta NRDC ta mara musu baya. Ranar 9 ga Agusta, 2019, Mai Shari'a Cornelia Pillard ta rubuta hukuncin alƙalai uku. Kotun ba ta ce ƙananan eriyoyi na da haɗari ba, ba ta kuma ce FCC ba ta da ikon sassautawa ba. Cewa ta yi hukumar ba ta yi aikinta ba. Ta ɗauka cewa abu ƙarami ba ya ɓarna ba tare da ta nuna hujja ba, ta kawar da kai daga cewa da yawansu za su buƙaci sabon haƙa, ba ta auna abin da dubu ɗari takwas za su yi a haɗe ba, kuma ba ta bayyana dalilin da ya sa sauƙaƙawar da aka riga aka yi a baya, wadda ta yafe wa yawancin eriyoyin da ake ɗorawa a abin da ke tsaye, ba ta isa ba. Kabari ba ya tambayar tsayin abin da aka kafa a kansa, zurfin ramin ne ke taɓa shi.

Sai dai nasarar rabi ce, kuma rabin da aka rasa ba a cika ambatonsa ba. Kotun ta bar maganar kuɗi da ta wa'adi yadda FCC ta tsara. Ƙabilu sun riƙe haƙƙin a tambaye su, sun rasa tabbacin abin da za su biya ma'aikatan da za su amsa, agogo kuma na tafiya. Wanda aka ba kwana 45 ya duba takarda ɗari da hannu biyu, an tambaye shi a doka, a aikace kuwa shirunsa za a ɗauka.

Birane ba su ma samu rabin ba. A watan Satumba na 2018 FCC ta rage musu wa'adi zuwa kwana 60 don ɗora ƙaramar eriya a abin da ke tsaye da kwana 90 don sabuwar falwaya, ta kuma ce kuɗin hayar falwayar birni ya tsaya a kan abin da birnin ya kashe, ta sa dala 270 a shekara a matsayin ma'auni, alhali wasu manyan birane na karɓar dubbai. Portland da birane masu yawa suka kai ƙara. A watan Agusta na 2020 kotu ta tabbatar da kusan komai, in ban da wani ɓangare na takunkumin da aka sa wa birane kan ƙa'idojin kyan gani. A wannan shekarar hukumar ta ƙara buɗe sashe na 6409, ta fayyace lokacin da kwana 60 ke fara ƙirguwa, ta kuma yarda a haƙa har ƙafa 30 a wajen filin turke.

Abin da ya faru da 5G ɗin kanta shi ne ya fi ba mu sha'awa. Zango mai gajeren nisa da aka yi duk wannan faɗa dominsa ya tsaya galibi a filayen wasa da filayen jirgi da tsakiyar manyan birane. Abin da ya kai 5G ga yawancin Amurkawa zango ne matsakaici: wanda T-Mobile ya gada da ya haɗiye Sprint a 2020, da wanda aka yi gwanjonsa a kan kusan dala biliyan 81 a farkon 2021. Shi kuwa akasari a kan tsofaffin turaka aka ɗora shi, ma'aikata suka hau suka kwance tsohuwar eriya suka ɗaura sabuwa. Wato hanyar 2001 da 2012 ce ta ɗauki kayan, hanyar da ta ce wurin da aka riga aka duba ba sai an sake dubawa ba. Ita ce ta tsallake kotuna, kuma ita ce masu kare tarihi suka sa wa hannu da kansu tun farko. Wadda ta ce kada a duba ko sau ɗaya ita ce ta faɗi, 5G kuma ba ta tsaya jiranta ba.

Maganar ba ta mutu ba. A 2023 majalisa ta yi wa dokar muhalli gyara, ta ƙuntata abin da ake kira babban aikin tarayya, ta fitar da ayyukan da gwamnati ba ta da cikakken iko a kansu. A watan Mayu na 2025 Kotun Ƙoli, a wata shari'a kan layin dogo a jihar Utah, ta ce alƙalai su rage sa wa hukumomi ido a kan yadda suke binciken muhalli. Brendan Carr, wanda kotu ta soke masa aiki a 2019, shi ne ya zama shugaban FCC a watan Janairu na 2025, kuma a watan Agusta hukumarsa ta fito da daftarin sake ƙa'idojin baki ɗaya. Wannan karon ba a tsaya auna ƙafa 50 ko girman akwati ba, an koma kan zaren nan da muka ce a riƙe: shin lasisin amfani da iska a wani yanki ya isa ya mai da ginin turke aikin tarayya? Daftarin ya karkata ga cewa bai isa ba a ƙarƙashin dokar muhalli, ya kuma nemi ra'ayin jama'a ko haka abin yake a dokar tarihi. Idan amsar ta zama a'a a duka biyun, duk turken da bai kai ƙafa 200 ba kuma ba ya kusa da filin jirgi zai iya fita daga sashe na 106, kuma saƙon da ke shiga ofishin Tahlequah kafin a haƙa rami a Georgia zai daina zuwa.